Motar gida mai araha: ina ake rage kuɗin, kuma me za a duba kafin a biya?

Tambaya: Ina shirin sayen motar gida, wato mota mai wurin kwana da girki da banɗaki a cikinta, irin wadda ake kira RV a Amurka, amma ƙarfina bai wuce na masu araha ba, waɗanda kamfanoni ke ƙerawa domin sababbin shiga. Wasu sun ce mini kwali ne kawai aka ɗora a kan taya, wasu kuma sun ce ba ta da bambanci da mai tsada sai ado. Ina gaskiyar take, kuma me zan duba kafin in biya?

Amsa: Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin kowa rabin motar yake kallo. Motar gida abu biyu ce aka haɗa. Akwai casis, wato ƙashin ƙarfen da motar ke zaune a kai, da inji da giya da birki, waɗanda babban kamfanin motoci ya ƙera. Akwai kuma gidan da wani kamfani daban ya gina a kai, yawanci da hannu. Idan ka raba su a ranka, tambayarka za ta yi sauƙin amsawa.

Ɓangaren mota ba shi ne zai dame ka ba. A Amurka, yawancin 'yan aji C, wato masu kan babbar mota da gado a saman direba, a kan Ford E-350 ko E-450 suke zaune. Injinsu V8 ne mai lita 7.3 daga samfurin 2021, kafin nan kuma V10 mai lita 6.8. Manyan 'yan aji A masu shan fetur, masu siffar bas, galibi Ford F-53 ne a ƙarƙashinsu. A Turai Fiat Ducato ce ta fi yawa, sai irin su Mercedes Sprinter da Ford Transit. Motocin aiki ne waɗannan, irin da ake yin motar ɗaukar marasa lafiya da ta rarraba kaya da su, an yi su ne don su yi ɗaruruwan dubban kilomita. Casis ɗin da ke ƙarƙashin mai araha sau da yawa shi ne ke ƙarƙashin wadda ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Haka ma kayan ciki. Firji, murhu, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar ɗumama ruwa, famfo da janareta, duk kamfanoni kaɗan ne ke yin su, irin su Dometic, Lippert, Suburban da Cummins Onan, kuma masu haɗa motar araha da ta tsada a wurinsu suke saya. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, nan yake kallo.

Kada kuma sunan da ke jikin motar ya ruɗe ka. Sunaye suna da yawa, masu su kaɗan ne. Thor Industries ta sayi Jayco a 2016, ta sayi Erwin Hymer ta Jamus a 2019. Forest River mallakar Berkshire Hathaway ce tun 2005. Winnebago ta sayi Grand Design a 2016 da Newmar a 2019. A ƙarƙashin kamfani ɗaya za ka samu masana'antar da aikinta ke da kyau da wadda ke gaggawa, har ma motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya su fito da bambanci. Saboda haka abin dubawa shi ne wannan motar da ke gabanka, ita kanta.

A wurin haɗa gidan ake rage kuɗin. Mafi yawan motocin gida na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiana ake yin su, kuma a masana'antu da dama ana biyan ma'aikata ne bisa yawan motocin da suka fitar. Kowa ya san abin da irin wannan biya ke haifarwa: sukurun da bai kama katako ba, bututun da ba a matse ba, garin katako da aka bari a hanyar iskar ɗumama ɗaki, wayar da aka bari tana gogar ƙarfe. A 2021 masana'antun ƙasar sun fitar da kusan 600,000 tsakanin motocin gida da tirelolin kwana, wato gidajen da ake ja da wata mota, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, a lokacin da ma'aikata da kayan aiki suka yi ƙaranci. Motocin 2021 da 2022 sun cancanci a ƙara sa musu ido. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma kada ka saye su ba tare da bincike mai zurfi ba.

Irin waɗannan ƙananan kurakurai ana gyara su da sukundireba da haƙuri. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne ruwa, kuma a nan nake so ka daɗe.

Bangon yawancin motocin gida na yanzu manne-manne ne: siririn faifan faiba a waje, siririn filawud a bayansa, kumfa mai tauri a tsakiya da firam na alminiyum, sai wani filawud a ciki, duk an haɗa su da gam an matse. Muddin a bushe yake, bango ne mai ƙarfi mara nauyi. Da zarar ruwa ya samu hanya ta gefen taga ko ta bakin rufi, filawud ɗin zai sha, ya kumbura, gam ya saki, faifan waje ya rabu da bangon. Za ka gan shi ya yi tudu ko ya yi lanƙwasa-lanƙwasa idan ka tsaya a ƙarshen motar ka kalli gefenta a rana. Gyaran wannan yakan ci kuɗin da bai dace a kashe wa mota mai araha ba, domin sau da yawa sai an sauya bangon gaba ɗaya. Wasu kamfanoni suna sa wani faifan roba da faiba mai suna Azdel a madadin filawud, wanda ba ya ruɓewa. Ka tambaya ko an sa shi, kuma ko a waje da ciki ne ko a waje kaɗai. Akwai kuma tsohon gini na firam ɗin katako da kwanon alminiyum mai layi-layi, wanda ya fi yawa a tirelolin kwana masu araha. Mutane suna raina shi, amma a ganina ba a yi masa adalci ba: ya fi saurin ruɓewa idan ya jiƙe, gaskiya ne, sai dai kowane kafinta mai hankali zai iya buɗe shi ya sauya katakon ya mayar.

Rufin kuwa shimfiɗar roba ce, EPDM ko TPO, a kan filawud. Robar kanta takan yi shekaru masu yawa. Matsalar tana wuraren da aka huda ta: tagar sama, bakin fanka, gindin eriya, bututun fitar da warin tanki, da layin da rufi ya haɗu da goshin motar da bayanta. Kowane ɗaya an toshe shi da wani gam mai malala da kansa, wanda rana ke busarwa har ya tsage. Motar tana jijjiga a hanya, gidan yana murɗawa, tsagar tana buɗewa. Shi ya sa takardun garanti da yawa suke sharɗanta a riƙa duba waɗannan wurare duk bayan wata uku, kuma idan ba a yi ba sukan ƙi biyan ɓarnar ruwa. A 'yan aji C, gadon da ke saman direba shi ne wuri na farko da ke yoyo, domin shi ke karɓar iska da ruwan sama kai tsaye, kuma yana rataye ne ba abin da ya tokare shi daga ƙasa. Wanda aka rufe goshinsa da faiba guda ɗaya da aka yi da zubi ɗaya, wadda ta naɗo har gefe, ya fi wanda aka haɗa da layukan ɗinki a kusurwa. Idan akwai taga a goshin, ka ƙara bincike a ƙarƙashinta. Wannan bambanci ɗaya ya fi kujerun fata da fitilun ado muhimmanci.

Abu na biyu shi ne nauyi, kuma dillali ba zai ɗauko maka zancensa ba. Kowace casis tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. E-350 takan tsaya a fam 12,500 (kusan kilo 5,670), E-450 kuma a fam 14,500 (kusan kilo 6,580). Hanya mai sauƙi ta rage farashi ita ce a ɗora dogon gida a kan ƙaramar casis, sai abin da ya rage maka na mutane da kaya ya zama kaɗan. A Amurka akwai takarda mai launin rawaya a bakin ƙofa da ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka, kuma ruwan tanki yana cikin lissafin. Ɗauki misali: takardar ta ce kilo 600. Mutum huɗu masu kilo 75 sun ci 300. Tankin ruwa mai lita 150 ya ci 150, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Saura kilo 150 ga abinci, tufafi, tukwane, kayan gyara, kujeru da keke. Ba ya isa. A Turai matsalar ta fi tsanani, domin lasisin tuƙi na aji B ya tsaya a kilo 3,500, kamfanoni kuma suna cusa komai a ƙarƙashin wannan iyaka. Mota mai nauyin da ya wuce ƙa'ida tana zafafa taya har ta fashe, tana tsawaita nisan tsayawar birki, kuma tana iya jawo maka matsala da inshora idan aka yi haɗari. Bayan ka saya, ka loda ta yadda za ka yi tafiya, ka hau sikelin manyan motoci, a auna ƙafafun gaba daban na baya daban, domin ana iya kasancewa cikin ƙa'ida a jimla alhali baya ya yi yawa.

Ka kuma kalli tsawon da ya zarce ƙafafun baya. Idan tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ba ta kai rabin tsawon motar ba, wutsiyar za ta riƙa kaɗawa duk lokacin da tirela ta wuce ka ko iska ta buga daga gefe. Tuƙin awa biyu a haka yana gajiyar da mutum ƙwarai. Ana iya rage shi da ƙarin ƙarafan daidaita tuƙi, amma kuɗi ne da za ka ƙara bayan saye.

Ɗakin da ke zamewa waje idan an tsaya, wanda ke faɗaɗa falo, yana da daɗi. Sai dai kowane ɗaya babban rami ne a bango, da robobin toshe ruwa, da ƙananan injinan lantarki da dole su tafi tare. Yana kuma ƙara nauyi. A mota mai araha, ɗaya ya isa, babu ma ya fi kwanciyar hankali. Idan akwai shi, ka tabbata za ka iya kaiwa banɗaki da firji yana rufe.

Sauran wuraren ragin ba su da haɗari, amma za ka ji su a jikinka. Kabad ɗin katakon gari ne da aka liƙa wa takarda mai zanen itace, an haɗa da ƙananan ƙusoshi. Katifar siririya ce. Fatar kujerun roba ce da kan fara ɓarewa bayan 'yan shekaru. Tagogin gilashi ɗaya ne, suna zufa a lokacin sanyi. Tankunan ruwa wani lokaci a fili suke a ƙasa, su daskare idan sanyi ya kai. Wutar ma haka: mai araha yawanci amfiya 30 ce a kan bolt 120, wato wat 3,600, kuma na'urar sanyaya ɗaki kaɗai tana cin kusan rabinsa, don haka idan ka haɗa ta da tukunyar ruwan zafi da na'urar ɗumama abinci wuta za ta yanke. Batirin gidan sau da yawa guda ɗaya ne na dalma, wanda bai kamata a sauke shi ƙasa da rabi ba. Dare ɗaya da fankar ɗumama ɗaki yana iya ƙarar da shi. Duk waɗannan ana iya inganta su a hankali. Bango, rufi da casis ne ba a sauyawa cikin sauƙi.

Ranar dubawa, ko sabuwa ce ko ta hannu, ka ware awa uku zuwa huɗu, kuma kada ka sa hannu a takarda kafin ka gama. Wannan shi ne ƙarfinka kaɗai. Kafin ka biya, gyaranka na gaggawa ne a wurin dillali. Bayan ka biya, sai ka bi layi, layin kuma yakan kai makonni ko watanni ana jiran kayan gyara. Ka nemi a jona motar da wuta da ruwa, a cika tukunyar gas, a kunna firji tun daren jiya. Ka zo da tocila, tsani, na'urar auna danshi da ƙaramar na'urar gwada soket.

Fara da sama. Ka bi kowane layin gam da ido da yatsa, ka danna rufin a kewayen kowace huda. Inda ya yi laushi, akwai ruɓa a ƙasa. A ciki, ka buɗe kowane kabad na sama ka haska kusurwoyi, ka nemi tabon ruwa, tsatsa a kan sukuru, ko takardar bango da ta tattare. Ka ɗaga katifar saman direba ka danna katakon. Ka taka ƙasa ko'ina, musamman gaban banɗaki, bakin ƙofa da gefen ɗakin da ke zamewa. Da na'urar danshi, abin da bai kai kashi 15 cikin ɗari ba lafiya ne, daga 20 zuwa sama akwai abin bincike, idan ya kai 30 ruwa ya riga ya shiga. Hancinka ma ma'auni ne: warin rima ko turaren da aka fesa da yawa duk alama ce.

Sai ruwa. Ka cika tanki, ka kunna famfo, ka buɗe kowane kan famfo har iska ta fita, sannan ka rufe duka ka saurara. Famfon ya kamata ya yi shiru. Idan yana tashi da kansa bayan 'yan mintuna, akwai yoyo a wani wuri, ko bawul ɗinsa ba ya riƙewa. Ka zuba ruwa mai yawa a wurin wanka ka leƙa ƙarƙashinsa, domin mahaɗar bututu a nan ce ta fi yawan sakewa. Ka sa a gwada layin gas da ma'aunin matsi, ka duba ranar da ke jikin na'urorin gargaɗin gas da hayaƙi, tunda suna da wa'adi. Ka kunna janareta, ka ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki na rabin awa. Janaretan da ya yi shekara biyar da awoyi kaɗan a agogonsa ba abin murna ba ne: zama yana busar da fetur a kafireto ya toshe shi, shi ya sa ake son a riƙa kunna shi kamar awa biyu kowane wata da rabin lodi. Ka fitar da ɗakin zamewa ka mayar sau uku. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe na lambar DOT a jikin kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar motar gida tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, kuma daga shekara shida ko bakwai ka sa kuɗin sababbi a lissafi, guda shida ne a yawancinsu. Daga nan ka tuƙa ta a babbar hanya, ba zagayen fili kawai ba. Idan ba ka amince da idonka ba, ka ɗauki mai bincike mai zaman kansa, wanda ba ya cin abinci a hannun dillalin; a Amurka ƙungiyar NRVIA ce ke ba irinsu shaida.

Game da kuɗi, farashin da aka liƙa a gilashi ba shi ne farashi ba, ana yin ragi mai yawa, don haka ka nemi farashin mota iri ɗaya daga dillalai uku a rubuce, haɗe da duk ƙarin cajin da suke sakawa. Darajarta tana faɗuwa da sauri a shekarun farko, kuma nan ne dogon bashi ke cutarwa. Misali, bashin dala 90,000 na shekara 20 da ruwan kashi 8 cikin ɗari yana nufin kusan dala 753 a wata. Bayan shekara biyar ka biya sama da 45,000, amma har yanzu ana bin ka kusan 79,000, motar kuwa da wuya ta kai haka a kasuwa. Ka ƙara da man da take sha, wanda a 'yan aji C masu fetur yakan kai lita 25 zuwa 30 a kilomita 100, da inshora, da wurin ajiya.

Garantin ma kashi-kashi ne. Ford tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan casis. Gidan yawanci shekara ɗaya ne a Amurka, firji da janareta kuma kowanne da garantin kamfaninsa. A jihohi da yawa dokar da ke tilasta a karɓi mota mai lahani ba ta shafi ɓangaren gidan ba. A Turai kamfanoni da dama suna ba da garantin shigar ruwa na shekaru biyar zuwa goma, bisa sharaɗin a kai ta gwajin danshi kowace shekara. Ka tsallake sau ɗaya, garantin na iya faɗuwa, don haka idan ta hannu ce ka nemi takardun kowace shekara.

Hukuncina shi ne, ga iyalin da za su yi amfani da ita makonni kaɗan a shekara, a yanayi mai sauƙi, kuma akwai mai iya riƙe sukundireba da hawa tsani a gidan, mai araha ta cancanci kuɗinta. Ga wanda zai zauna a cikinta shekara cur, ko a wuri mai tsananin sanyi, ba a yi ta don haka ba, wasu takardun garanti ma sun fito fili sun cire zaman dindindin. Mafi kyawun ciniki yawanci shi ne mai shekara uku zuwa biyar, wadda aka ajiye a ƙarƙashin rumfa, mai ita ya riga ya gyara kurakuran masana'anta kuma yana da rasit, sannan na'urar danshi ta wanke ta. Idan kuɗinka ɗaya zai sayi sabuwa mai araha ko tsohuwa mai shekara takwas daga cikin masu tsada, tsohuwar za ta fi ta katako da tsari, amma sai ka ware kuɗin taya, batir da sabunta gam ɗin rufi tun ranar farko. Kafin duk wannan, ka yi hayar irin tsarin ɗakin da kake so na kwana uku ko huɗu tare da duk waɗanda za ku riƙa tafiya, ku dafa abinci a ciki, ku yi wanka, ku zubar da tankin banɗaki da kanku, sannan ka auna ta a sikeli kafin ka mayar.